Mai riga da marar riga: ƙwayar cutar da ke kama yara ta kunne, ta maƙogwaro, ta ƙirji

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar yaro a asibiti cikin hunturu ya san yadda ɗakin yara ke zama bayan isha'i. Gadaje sun cika, wani gadon ma yara biyu ne kai da ƙafa, iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi a tsakani, ga filas ɗin ruwan zafi, ga kwanon kunu da ya huce. Tari na tashi ta kowace kusurwa. A gadon bakin ƙofa jariri ne ɗan wata bakwai, an maƙala masa robar oksijin a hanci, duk jan numfashin da zai yi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa. Kusa da shi yarinya ce 'yar shekara biyu, mugunya na gangarowa daga kunnenta zuwa wuya, bayan kunnen ya kumbura har ya turo shi gaba. Can ƙurya kuma akwai wanda aka ɗebi ruwan bayansa da rana, uwarsa ko abinci ba ta iya kallo.

In ka tambayi matan nan uku, kowacce da sunan da za ta ba ka: wannan limoniya ce, wannan ruwan kunne, wancan sanƙarau. Duk sun faɗi daidai. Sai dai likitan da ke zagaye, in ya zo jera waɗanda yake zargi a ransa, akwai suna guda da zai fito a gadajen nan uku: Haemophilus influenzae. Ba ita kaɗai ba ce, ba kuma kullum take kan gaba ba, amma ba ta fita daga lissafi.

Sunan kansa yana da ruɗu. Wanda ya ji "influenzae" zai ɗauka ita ke kawo mura mai tsanani, alhali ba ita ba ce. Bayan annobar murar da ta mamaye duniya a 1889 zuwa 1890, wani likitan Jamus mai suna Richard Pfeiffer, da ke aiki tare da Robert Koch a Balin, ya riƙa samun wata 'yar ƙanƙanuwar bakteriya a majinar marasa lafiya. A 1892 ya bayyana cewa ya kama ɓarawon. Aka yarda da shi shekara arba'in, har lokacin babbar annobar 1918 ita ake ta farauta a ɗakunan gwaji. Sai a 1933 wasu masu bincike uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka tabbatar cewa bairos ne ke kawo murar. Bakteriyar Pfeiffer tana biyo baya ne, in mura ta gama kuje hanyoyin numfashi ta bar ƙofa a buɗe. Sunan ya riga ya zauna, aka bar mata shi. Amma kuskuren nan yana ɗauke da wata gaskiya da har gobe take aiki a ɗakin yara: yawancin lokaci mura ce ke share fage, wannan kuma ta shigo ta yi aika-aika. Shi ya sa uwa za ta ce maka, "Likita, 'yar mura ce fa ya yi, har ta fara sauƙi, kawai sai zazzaɓi ya dawo."

Abin da ya warware sirrin ƙwayar shi ne aikin wata Ba'amurkiya, Margaret Pittman, a 1931. Ta gano cewa dangin nan gida biyu ne. Akwai masu riga, wato wani kauri mai santsi na sukari da ke lulluɓe jikin ƙwayar, kuma rigunan iri shida ne, ta lakaba musu haruffa daga a zuwa f. Akwai kuma marasa riga, tsirara suke yawo. Ta kuma lura cewa kusan duk waɗanda ake samu a jini ko ruwan bayan yara masu sanƙarau masu riga ta biyu ne, nau'in b. Daga nan aka samu gajeren sunan da ma'aikatan lafiya ke faɗa, Hib. Wanda ya riƙe wannan rabe-raben ya riƙe bakin zaren maganar gaba ɗaya, domin mai riga da marar riga ba halinsu ɗaya ba, ba ɓarnarsu ɗaya ba, kuma ba makami ɗaya ake tunkararsu da shi ba.

Rigar sulke ce. Sojojin jini da ke haɗiye ƙwayoyin cuta ba sa iya damƙar abu mai santsi irin wannan sai an riga an yi masa alama da garkuwar da jiki ya ƙera. Jariri yana zuwa duniya da guzurin irin wannan garkuwa daga mahaifiyarsa, amma guzurin na ƙarewa cikin 'yan watanni. Shi kuma jikinsa bai iya gane sukari a matsayin abokin gaba ba sai ya doshi shekara biyu. Tsakanin ƙarewar na uwa da samuwar nasa akwai fili, kuma a wannan filin Hib ke cin karenta babu babbaka. Daga bayan hanci take kutsawa cikin jini, jini ya kai ta inda ya ga dama: rigar ƙwaƙwalwa, huhu, gaɓa, ƙashi, fatar kunci ko kewayen ido. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin nan ya yi daidai da lokacin fitar haƙora. Yaro ɗan wata takwas na zazzaɓi, ya ƙi nono, maɗigarsa ta tasa, sai a ce haƙori ne, a bari a ga gobe. Haƙori bai taɓa sa maɗiga ta kumbura ba, bai taɓa sa yaro ya sandare ba.

Akwai wani salon ɓarnar Hib da ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake ya fi yawa a Turai da Amurka kafin zuwan rigakafi, ba a kuma cika ganinsa a Afirka ta Yamma ba. A gindin harshe akwai wani ɗan murfi da ke rufe hanyar iska duk lokacin da muka haɗiyi abu. In Hib ta kama shi, sai ya kumbura ya yi jawur cikin sa'o'i kaɗan, ya toshe hanyar da aka sa shi gadi. Yaron, galibi ɗan shekara biyu zuwa shida, da safe lafiyarsa lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ya kasa haɗiyar ko da yawunsa, dalala na zuba, murya ta dushe. Ba ya yarda ya kwanta. Zama yake ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya miƙa wuya gaba, baki a buɗe, yana jan iska da wata ƙara. A asibitin da aka san aiki, ba mai danna masa harshe da katako don ya leƙa, ba mai tilasta masa kwanciya, ba a ma son a sa shi kuka, domin abu kaɗan ya isa ya rufe ragowar ƙofar. A cinyar uwarsa ake barinsa har a kai shi inda za a zura masa bututun numfashi, sa'an nan a fara allura.

Na kawo wannan ne saboda abin da muka saba yi a ƙasar Hausa in yaro ya kasa haɗiya. Tunani na farko shi ne belu ya sauko, a kira wanzami. A danne yaro, a buɗe bakinsa da ƙarfi, a danna harshe, a yanke. Belu ba ya kashe kowa, kuma ba shi ne murfin da nake magana ba, murfin yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Yaron da ke wannan hali, ko wanda mashaƙo ya shimfiɗa wa fata a maƙogwaro, danne shi kawai na iya zama ajalinsa kafin ma aska ta taɓa shi. Wanzamai mutanenmu ne, suna da mutunci a unguwa, kuma da za a zauna da su a nuna musu waɗannan alamomin, da su ne za su fara cewa, "Wannan ba nawa ba ne, ku yi asibiti da shi."

Kafin rigakafi, a Amurka kaɗai Hib na kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar wajen 20,000 duk shekara da ciwo mai tsanani, kusan yaro ɗaya cikin kowane 200 kafin ya cika biyar. A lokacin ita ce ke kan gaba wajen kawo sanƙarau ga ƙananan yara a can. Ko da magani mai kyau wasu na mutuwa, waɗanda suka tashi kuma kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na fita da kurumta ko wata tawaya ta ƙwaƙwalwa. Rigakafin farko da aka amince da shi a 1985 an yi shi ne da zallar sukarin rigar, sai ya ci karo da matsalar da na faɗa: jikin jariri bai kula shi ba, alhali jarirai ne ke mutuwa. Dabarar da ta ɓulle ita ce a ɗaure sukarin a jikin wani furotin da jikin jariri ke saurin ganewa, kamar gubar tetanus da aka kashe wa dafi. Kamar baƙo ne da masu gadi ba sa ɗaga kai su dube shi, sai aka haɗa shi tafiya da wanda suke nema ruwa a jallo, daga ranar suka haddace fuskarsa. John Robbins da Rachel Schneerson, da kuma Porter Anderson da David Smith, su ne suka ja ragamar wannan aiki. Sabon rigakafin ya fito a 1987, aka fara yi wa jarirai a 1990, cutar ta ragu a Amurka da fiye da kashi 99 cikin ɗari.

A nahiyarmu Gambiya ce ta buɗe hanya. Tsakanin 1993 da 1995 aka yi gwaji kan jarirai sama da 42,000, aka fitar da sakamako a 1997. Ya kare yara daga Hib mai shiga jini kamar yadda aka zata, amma abin da ya girgiza masana shi ne limoniyar da ake gani a hoton ƙirji ta ragu da kusan kashi 21 cikin ɗari. Ma'ana, cikin kowane yara biyar masu irin wannan limoniya, ɗaya Hib ce ta kwantar da shi, alhali ɗakin gwaji bai taɓa nuna yawanta haka ba. Rigakafin ne ya tona abin da gwajin jini ya kasa gani. A 1997 Gambiya ta sa shi cikin allurar yara ta yau da kullum, zuwa 2002 masu sa ido a yammacin ƙasar ba su samu ko yaro ɗaya mai sanƙarau na Hib ba. Wanda ya jagoranci wannan bibiyar ɗan Najeriya ne, Richard Adegbola. Kuma ba wai kowane yaro ne ya samu allura a kan kari ba. Rigakafin yana hana ƙwayar zama a bayan hanci, don haka yaron da aka yi wa ya daina shafa wa ƙaninsa da ɗan maƙwabta.

Kiyasin masana ya nuna Hib ta kashe yara wajen 371,000 a duniya a shekarar 2000. Zuwa 2015 adadin ya faɗo zuwa kimanin 29,500. Sai dai cikin ƙasashen da ragowar mace-macen suka taru, Najeriya ce ta biyu bayan Indiya. Ghana ta fara wannan allura tun 2002, Nijar a 2008, Najeriya sai 2012. Ita ce ke cikin Penta, allurar cinya da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14, mai haɗe da kariya biyar: mashaƙo, tetanus, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B, da Hib. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna rabin yaran Najeriya ne kawai suka samu ta uku, jihohin Arewa maso Yamma kuwa sun gaza haka nesa ba kusa ba. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta, kowa ya gani domin mashaƙo cuta ce mai shela. To kwalbar da ke kare yaro daga mashaƙo ita ce ke kare shi daga Hib. Duk gidan da mashaƙo ya samu ƙofa, Hib ma ta samu, bambancin kawai ita ba ta zuwa da annobar da za a ji a rediyo. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, a rubuta limoniya ko sanƙarau a takarda, a wuce.

Na sha jin dalilin da ke sa mata yanke allurar bayan ta farko: yaro ya kwana yana kuka, cinya ta kumbura, jiki ya yi zafi, maigida ya ce kada a sake kai shi. Kukan gaskiya ne, zafin jikin ma gaskiya ne, kuma kwana ɗaya ko biyu yake yi. Laifin da nake gani a nan har da na ma'aikacin da ya soka allura bai ɗauki minti ɗaya ya ce, "Maman yaro, zai yi zazzaɓi yau da dare, ga abin da za ki ba shi, ki dawo bayan mako huɗu" ba.

Wannan duk labarin mai riga ne. Marar riga kuwa Penta ba ta san da zamanta ba, domin rigar ake koya wa jiki ya gane, ita kuma ba ta da ita. A ƙasashen da suka gama da Hib, yawancin Haemophilus ɗin da ake samu yau a jikin yaran da aka kwantar marasa riga ne. Tana zaune a bayan hancin yara masu yawa lafiyayyu, musamman inda ake cunkoso, ba ta yi musu komai. Ba ta da sulken ratsa jini cikin sauƙi, sai dai a jikin bakwaini ko yaron da garkuwarsa ta karye. Aikinta rarrafe ne zuwa maƙwabta: daga bayan hanci ta haura kunne, ta shiga kogunan ƙashin fuska, ta ɓulla ido, ko ta gangara huhu.

Kunne ne babbar gonarta. Tsakanin bayan hanci da ɗakin da ke bayan dodon kunne akwai wata siririyar hanya da ke shigar da iska tana fitar da ruwa. A jikin babba tana da tsawo kuma a gangare take. A jikin ƙaramin yaro gajera ce, kusan a kwance. In mura ta kumbura bakinta, ruwa ya taru a ciki ba mafita, ƙwayoyin da ke zaune a hanci su samu tafki. Uku ne suka fi shiga: niumokokas, Haemophilus marar riga, da Moraxella. Mugunya ta cika ɗakin, ta tura dodon kunne waje, ciwon da ke sa yaro ihu da tsakar dare yana murza kai a kafaɗar uwarsa ke nan. Kafin su cika shekara uku, yawancin yara sun taɓa yin wannan ko da sau ɗaya. Haemophilus tana da wata alama da likitocin yara suka sani: in ka ga yaro da kwantsa mai kauri a ido ga kuma ciwon kunne lokaci guda, galibi ita ce. Ita ce kuma ta fi yawa a kunnen da ke warkewa yana dawowa, domin takan haɗa kai ta shimfiɗa wani yauƙi a bangon ɗakin ta fake a ciki, inda magani ba ya ratsawa sosai.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan yayata yana da wata goma sha ɗaya ya kwana biyu yana kuka ba ji ba gani, a dare na uku ya yi shiru ya yi barci, da safe aka ga matashinsa ya jiƙe da ruwa mai wari. Kowa ya yi hamdala, ciwo ya fashe. Kakarsa ta ce nono ne ya zuba masa a kunne garin shayarwa a kwance, aka ɗiga man zaitun, aka toshe da auduga. Wata biyu ana haka, ruwa ya tsaya ya dawo. Ranar da aka kai shi asibiti, malamar jinya ta ɗauki tsumma mai laushi mai tsabta, ta murza shi kamar lagwani, ta zura a hankali, ya jiƙe ta zare, ta sake wani, har na ƙarshe ya fito a bushe. Ta dubi yayata ta ce, "Hajiya, haka za ki riƙa yi sau uku a rana kafin ki ɗiga maganin. Ban da mai, ban da tsinken ashana, ban da gashin kaza, kuma kada ruwan wanka ya shiga." Shirun da ya yi a daren nan dodon kunnensa ne ya huje, matsi ya sauka. Nono kuwa ba ta waje yake shiga ba, hasali ma shayar da nonon uwa na cikin abubuwan da ke rage ciwon kunne. Daga ciki cutar ta taso.

Huji irin wannan yakan haɗe da kansa in an kula. In an bar shi a jiƙe, wasu ƙwayoyin daga waje su shigo su tare, kunne ya zama mai zuba shekara da shekaru. Ko ba huji, ruwan da ya kwanta bayan dodon kunne na watanni yana dusashe ji daidai lokacin da yaro ke koyon magana. Sai a ce yaron miskili ne, ko ba ya ji in an kira shi, a makarantar allo ko ta boko a ce daƙiƙi ne, alhali muryar malam ce ke zuwa masa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kumburi mai zafi a bayan kunne kuwa, irin na yarinyar can ta ɗakin yara da na faɗa a farko, alama ce mugunya ta shiga ƙashi, kuma daga ƙashin nan zuwa ƙwaƙwalwa tazarar ba ta da yawa. Wannan ba ya kwana a gida.

A ƙirji lamarin ya fi wuyar tantancewa. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe bakwai, har da Gambiya da Mali da Kenya da Zambiya, aka fitar a 2019, ya nuna cewa cikin yaran da aka kwantar da limoniya mai tsanani bayan yaɗuwar rigakafi, bairos ne ke da alhakin wajen kashi 61 cikin ɗari, guda ɗaya mai suna RSV ya kwashi kusan kashi 31. Bakteriya ba su kai haka yawa ba, amma rabonsu na ƙaruwa a cikin yaran da suka fi jin jiki, kuma Haemophilus na cikin jerin na gaba. Likitan da ke gaban yaro ba shi da hanyar rarrabe su da ido. Abin da yake da shi shi ne agogo da idonsa. Ya ɗaga riga ya ƙirga numfashi minti guda cur, yaro na kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Ya duba ko ƙasan ƙirji na lotsawa. Ya maƙala 'yar na'urar auna oksijin a yatsa, in oksijin ya gaza 90, yaro na buƙatar iska ko da leɓensa bai canza launi ba. Ƙirga numfashi ba sai likita ba, duk uwar da aka nuna wa sau ɗaya za ta iya da agogon wayarta.

Me ya sa ɗakin gwaji ba ya raba gardama? Rabin farko na sunanta, Haemophilus, ma'anarsa mai son jini, kuma tsirfa gare ta wajen ci. Ba ta tsirowa sai an ba ta wasu sinadarai biyu da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, don haka sai an ɗumama jinin har ya fashe ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan, sa'an nan ta yarda ta fito a faranti. Jinin tumaki ko na doki ake so. Inda ake amfani da ragowar jinin mutane, garkuwa ko maganin da ke cikinsa na iya hana ta tsirowa. Tana saurin mutuwa in samfur ya daɗe a kan tebur. Uwa uba, yaron da ya sha maganin kyamis kwana uku kafin ya iso, ko an ɗebi jininsa ba abin da zai fito. A ɗaya gefen kuma, samun ta a majinar hanci ba hujja ba ce, tunda lafiyayyu ma na ɗauke da ita. Sakamakon da ya ce ba a ga komai ba bai wanke ta ba, wanda ya ce an gan ta a hanci bai kama ta da laifi ba. Sai wanda aka samu a jini, ko ruwan baya, ko ruwan da aka zuƙo daga ƙirji.

Maganar kyamis ta kawo mu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Tun asali ƙwayar nan ba ta cika jin penisilin ba. Takardar da Alexander Fleming ya fara bayyana penisilin a 1929 ma, amfanin da ya nuna a kanta shi ne a zuba shi a faranti ya kashe sauran ƙwayoyi don wannan ta tsiro ita kaɗai. Da amfisilin ya zo aka samu sauƙi, har zuwa shekarun 1970 lokacin da aka fara ganin masu fitar da wani sinadari da ke datse maganin kafin ya taɓa su. An yi wa wannan dabara ta hanyar haɗa amoksisilin da wani abu mai toshe almakashin, irin haɗin da ake sayarwa da sunan Augmentin. Sai ga wata sabuwar hanya, wadda ta fi yawa a Jafan kuma take yaɗuwa: ƙwayar ba ta yanka maganin, sauya fasalin wurin da yake kamawa take yi, kamar an canza kwaɗo an bar ka da tsohon mabuɗi. A nan toshe almakashi ba ya da wani amfani. Septrin kuwa, da aka daɗe ana ɗura wa yara, ya rasa ƙarfinsa a kanta a wurare da dama.

Har yanzu amoksisilin da aka ba da daidai nauyin yaro, aka sha har kwanakin suka cika, shi ne maganin farko na limoniya marar tsanani da ciwon kunne, kuma yana aiki. A gadon asibiti akan fara da allurar amfisilin da jentamaisin, in ba a ga sauyi ba ko ana zargin sanƙarau a koma seftiriyakson. Abin da ke cinye waɗannan magunguna shi ne yadda muke sha: a sayi ɗan kaɗan, a ba yaro cokali safe da yamma kwana biyu, zazzaɓi ya sauka a ajiye kwalbar a kan taga, ƙaninsa ya yi mura bayan wata guda a ɗauko masa ragowar. Kowane irin wannan shan yana kashe masu rauni a bayan hanci ya bar wa masu taurin kai fili. Talauci na cikin dalilan, ban musa ba, uban da ke da kuɗin rabin magani rabin zai saya. Amma ba da seftiriyakson a shagon unguwa don yaro ya yi zazzaɓin kwana ɗaya ba talauci ba ne, kuma shi ne maganin da yaron can na ƙurya mai sanƙarau ke rataye da shi.

Ba kowane yaro ne haɗarinsa ɗaya ba. Mai sikila saifarsa na lalacewa tun yana ƙarami, ita kuwa saifa ita ce matatar da ke tsame ƙwayoyi masu riga daga jini, don haka zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne, kuma allurarsa ba ta ɗaukar fashi. Haka mai tamowa, da wanda ƙyanda ta tashi daga kansa, da mai ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki. Hayaƙin itace a ɗakin girki da jariri ke goye, hayaƙin sigari, ƙurar hunturu, kwanan mutum takwas a ɗaki ɗaya da taga a rufe, duk suna kuje hanyar iska su sauƙaƙa mata shiga. Rigakafin marar riga kuwa har yau ana nema. Allurar niumokokas da Najeriya ta fara a ƙarshen 2014 an gina ta ne a kan wani furotin da aka ciro daga jikin Haemophilus, an kuma yi fatan za ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, amma kariyar da take bayarwa ta wannan gefen ba ta taka kara ta karya ba. Ga kuma nau'in a, wata mai rigar, da ta fara addabar yaran 'yan asalin Alaska da arewacin Kanada bayan an kau da b.

Ranar sallama akwai abubuwan da bai kamata a bar asibiti ba a tambaya ba. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa cikin makonnin farko, kada a jira sai an ga bai yi magana ba. In an tabbatar Hib ce, kuma a gidan akwai jariri ko ƙaramin yaron da bai cika allurarsa ba, likita na iya rubuta wa mutanen gidan rifamfisin na kwana huɗu don a share ta daga hancinsu. Shi kansa majinyacin, in bai kai shekara biyu ba, ciwon da ya sha bai ba shi kariya ba, domin jikin nasa har yanzu bai iya karanta sukarin rigar ba, kuma tana iya sake kama shi. Bayan kamar wata guda da kwanciyarsa ana so a mayar da shi wurin allura da katinsa a hannu, a duba inda aka tsaya a ci gaba daga nan.